Nonon Ruga da Madarar Buhu: Wa Ke Yanke Farashi a Zangon Kumasi?

 

  Iyayenmu mata, musamman masu fura da masu koko da na hango can baya, sannunku da zuwa. Kun fi ni sanin abin da zan faɗa, in na kauce ku dawo da ni hanya. 

Da aka ce in zo in yi magana a kan madara, wani abokina dariya ya yi. Ya ce ana fama da kuɗin haya da na makarantar yara, kai kuma ka zo wa mutane da zancen nono? Na ce masa gobe in an idar da sallar asuba ya tsaya bakin titi a Aboabo ko Asawase, ya zuba ido kawai. Mai shayi ya huda gwangwanin Ideal. Mai koko tana tambayar mai saye ko a zuba madara. Rana ta take, ɗan makaranta yana tsotson ledar FanYogo. La'asar ta yi, ga yarinya da robar ƙanƙara cike da gorunan burkina, nonon nan da ake haɗawa da gero. Mai waakye kuma ta ɗora wa wani soyayyen wagashi, wato cukun nono, a gefen shinkafa. Tun fitowar rana har faɗuwarta kuɗinmu yana bin madara, ba mu lura ba ne don da kaɗan-kaɗan yake fita.

To a cikin duk abin da na lissafa, wanne ne ya fito daga hantsar saniyar Gana? Wagashin nan, sai wani kaso na nonon da ake dama fura da shi. Saura duk jirgin ruwa ne ya sauke su a Tema. Har burkinar da muke ɗauka abin gida ce, yawancin masu yinta garin madara suke kwaɓawa su bar shi ya kwana ya yi tsami. Ba zargi nake ba, Hajiya, na san dalili, kuma dalilin ne ya kawo ni.

Mu fara da ƙasar da muke zaune. Kumasi kurmi ce, kurmi kuwa gidan ƙudan tsando ne, shi kuma tsando shi ke sa wa shanu sammore. Manyan shanun da muka sani a arewa, Bunaji da Gudali, ba sa jimirin zama a nan. Waɗanda ke jurewa ƙananan shanu ne masu gajeren ƙaho, su kuma nononsu bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa Tonawa, 'yan asalin garin nan, ba su tashi da al'adar tatsa ba. Mu muka zo da son nono a bakinmu, daga Kano da Katsina da Sakkwato, daga ƙasar Zabarma da ta Mosi. Kakanninmu goro ya kawo su Gwanja. Salaga ce babbar kasuwa, har Turawa suka ci Kumasi da yaƙi a 1874 hanyar goro ta fara sauyawa, yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa watsa Salaga. Bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 Zangon Kumasi ya cika ya batse, fatake suna hawa da goro suna gangarowa da shanu.

Ku lura da wannan, don shi ne ƙashin bayan maganata. Nama da ƙafarsa yake zuwa kasuwa. A da ana koro sa daga ƙasar Mosi, ya yi makonni a hanya, ya iso Kumasi da ransa. Yau ma a mota ake lodo shi ta Paga, a sauke a mayankar Kaase, in bai samu ciniki yau ba ya kwana ya jira gobe. Nono kuwa ba shi da ƙafa, ba shi da haƙuri. A zafin nan namu, in an tatsa da safe ba a dafa ba, ba a sanyaya ba, kafin azahar ya juya. Saboda haka muka gina cinikin shanu mai tsari, da masu gida da dillalai da mahauta, har wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta yi rubutu a kansa a 1966. Cinikin nono kuwa ya tsaya iyakar inda ƙafar Bafulatana za ta kai da ƙwarya a ka.

Wannan giɓin gwangwani ya zo ya cike. Kamfanin Nestlé ya fara shigo da kaya Gana a 1957, shekarar samun 'yancin kai, ya kuma fara yin madarar Ideal a masana'antarsa ta Tema a 1971. Wani mutumin Denmak, Erik Emborg, ya kafa kamfanin da ya zama Fan Milk a 1960, wanda yau yake hannun Danone na Faransa. Daga baya Promasidor ya zo da Cowbell a ƙaramar leda, wadda ko mai kuɗin shayi kofi ɗaya zai iya saye. Masana'antun suna nan ƙasarmu, 'ya'yanmu ke aiki a ciki, amma garin da ake sarrafawa daga waje yake zuwa. Dattawan da ke wurin nan sun tuna zamanin mulkin Acheampong, lokacin da madarar gwangwani ta shiga jerin kayan masarufi da gwamnati ta ƙayyade wa farashi, tare da sukari da sabulu da kifin gwangwani. Sai ta ɓace daga kanti ta koma ƙarƙashin gado, aka shiga kalabule, wato ɓoye kaya don a tsawwala farashi. Mutum ya kwana a layi don gwangwani biyu. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, in ta samu ɗaya ƙofa guda take hudawa da allura, ƙarama, don ya kai kwana uku. In ya ƙare kuma gwangwanin ya zama ma'aunin gyaɗa. Tun daga lokacin ya kamata mu gane cewa madarar da muke sha igiyarta ba a hannunmu take ba.

To a hannun wa take? Ina roƙon ku ɗan yi haƙuri da ni, za mu yi tafiya mai nisa kafin mu dawo Zango.

Akwai gwanjon madara da ake yi ta intanet sau biyu a wata, sunansa Global Dairy Trade, wanda kamfanin Fonterra na manoman Niyuzilan ya kafa a 2008. Abin da aka tsayar a can shi manyan 'yan kasuwar duniya ke dubawa kafin su yi wa kowa kuɗi. In Sin ta buɗe baki tana saye, farashi ya hau. In fari ya faɗa wa makiyayan Niyuzilan, ya hau. A watan Maris na 2022 ya kai inda ya daɗe bai kai ba. Mai shayin Sabon Zango bai taɓa jin sunan gwanjon ba, amma yana biyan kuɗinsa.

Sai Turai. Tun 1984 Tarayyar Turai ta ƙayyade wa kowace ƙasa yawan madarar da za ta tatsa, don ta yi musu yawa. A ƙarshen Maris na 2015 aka ɗage wannan ƙa'ida, kowa ya saki shanunsa. Watanni kaɗan kafin nan, a Agustan 2014, Rasha ta rufe ƙofarta ga abincin Turai. Madara ta yi ambaliya babu mai saye, aka busar da ita aka nemo mata kasuwa, Afirka ta Yamma tana cikin inda aka dosa.

A nan ne maganar maiƙo ta shigo, kuma ita na fi so iyayenmu mata su riƙe. Bafulatana ta san cewa daraja tana cikin afararin da ke tasowa saman madara. Shi ya sa kindirmo ya fi tsala tsada, shi ya sa take kaɗa nono ta fitar da man shanu ta sayar daban. Bature ma ya san haka. Yana yaɗe maiƙon ya yi bota da kirim ya sayar da tsada a ƙasarsa, sauran tsalar ya busar, ya zuba mata man ja da aka tace har ya yi fari, ya ɗura a buhu mai kilo 25, ya turo mana daga Ayalan da Holan da Folan. Kenan abin da ke cikin buhunan nan da yawa tsala ce da man ja, ba cikakkiyar madara ba. Abin dariya, abin takaici, itacen kwakwar manja ɗan asalin yankinmu ne, ga shi nan ko'ina in ka fita bayan Kumasi. Aka kai irinsa Maleshiya da Indunusiya, suka noma, Turai ta saya ta gauraya, mu kuma muka biya kuɗin jirgi. Ban ce guba ba ce, abinci ne, kuma ya fi cikakkiyar madara araha nesa ba kusa ba, shi ya sa talaka ya rungume shi. Amma araha ba ta ado. Uwar da ke kwaɓa wa yaron da aka yaye tana da haƙƙin ta san me take ba shi. In a ledar kamfani ne, an rubuta a jiki da ƙananan baƙaƙe cewa akwai man itace a ciki. In an farke buhu a kasuwar Kejetia ana aunawa a farar leda, babu rubutu, babu ranar lalacewa, sai amanar mai awo.

Da buhun ya iso Tema, harajin bai-ɗaya na ƙasashen ECOWAS, wanda Gana ta fara aiki da shi a watan Fabrairu na 2016, kashi 5 cikin 100 ne kacal a kan garin madarar da ke cikin manyan buhuna, ban da sauran kuɗaɗen da gwamnati ke ɗorawa a tashar. Ku gwada da ƙasashen gabashin Afirka irin su Kenya, inda harajin shigo da madara ya kai kashi 60 cikin 100.

Abu na ƙarshe a wannan sarƙa shi ne wanda ya fi cizonmu, wato sidi. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi 6. Kafin watan Nuwamba ta doshi 15. A Disamban shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100. Mu yi lissafin misali, ba farashin kasuwa nake faɗa ba: mu ƙaddara buhu dala 80 ne. A sidi 6, sidi 480 kenan. A sidi 15 ya zama 1,200. Saniyar Ayalan ba ta yi komai ba, jirgi bai ƙara tsawon tafiya ba, amma mai burkina ta wayi gari jarinta ya kasu biyu da rabi. Me ta yi? Abin da kowa zai yi: ta rage girman gora, ta ƙara gero, ta ƙara ruwa da sukari. Ruwa ba ya tsami banza, burkina ma ba ta tsinkewa banza. A 2025 kuma sidi ya farfaɗo, daga sama da 15 ya sauko kusa da 10 cikin 'yan makonni. Ku da kuke zuwa kasuwa ku gaya mini ko farashin gwangwani ya sauko da irin saurin da ya hau. Ɗan kasuwa zai ce tsohon kaya ne da ya saya da tsada, wani lokaci gaskiyarsa ce, wani lokaci kuma tsohon kayan ba ya ƙarewa.

Yanzu mu dawo ruga. Mutum zai ce, to in madarar waje ta yi tsada, ai kakar mai nonon gida ta yanke saƙa. Da ma haka ne. Kilo ɗaya na gari yana ba da lita wajen 8, buhu guda kenan lita 200. Saniyarmu ta gida, bayan maraƙi ya sha nasa, lita ɗaya ko biyu take bayarwa a yini. Kafin mai yogot ya tara abin da buhu ɗaya zai ba shi, sai ya bi shanu fiye da ɗari, a rugage nawa, a kan wace hanya, kuma kafin rana ta yi zafi. Buhu kuwa yana jingine a lungun ɗaki wata da watanni, ba ya neman firji, bai san dumsor ba, wato ɗauke wutar lantarki. Saboda haka farashin buhu ya zama rufin ɗaki ga nonon gida: in Bafulatana ta ɗaga kai ta wuce shi, mai saye ya koma gari. Iyakar inda take da iko shi ne inda gari ba ya iya shiga, wato wagashi, wanda sai da ɗanyen nono da ruwan tumfafiya yake kamawa, da man shanu, da kuma bakin dattijon da ya san ɗanɗanon kindirmo ba a yi masa wayo. Shi ya sa kuke ganin nonon Ejura da Yeji da filayen Afram yana iso mana a dunƙule. Lita wajen biyar ke ba da kilo ɗaya na wagashi, shi kuma yana jure hanya in ana tafasa shi ko an soya. Dabarar matan ruga ce ta yi wa nono ƙafa.

Sai kuma yanayi ya zo ya yi mana juyin waina. Da damina ciyawa ta wadata, nono ya yi yawa har a rasa yadda za a yi da shi, farashi ya faɗi, hanyar ruga ta cika da laka mota ba ta shiga, mutane kuma ba sa neman abin sanyi. Da rani, daga hunturu zuwa bazara, shanu sun rame, an tafi da su neman ruwa, nono ya ƙafe, a lokacin ne kuma kowa ke neman fura mai ƙanƙara. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa daidai wannan tsakani, na 2024 da na 2025 duk a watan Maris suka kama. Buƙata ta kai ƙololuwa a ranar da hantsa ta bushe. Wa zai cike? Buhu.

Akwai wani abu da masu shanu a cikinmu ba sa son a taɓa, amma zan taɓa, Alhaji ka yi mini afuwa. Shanun Gana, wajen miliyan biyu, da yawansu ba na Fulani ba ne, na attajirai ne da sarakuna da ma'aikata, har da mutanen Zango. Tsohuwar al'ada a wurare da dama ita ce nono shi ne ladan makiyayi. Mai shanu ƙiba yake so da haihuwa, don haka yana ganin duk abin da aka tatsa an ƙwace wa maraƙinsa ne. Makiyayi kuma nonon yake so, amma saniyar ba tasa ba ce, don me zai sayi dusa ko ƙwayar auduga ya ba ta? Kowa yana jan igiya ta gefensa, babu wanda ribarsa ke cikin ƙaruwar nono har ya zuba jari. Ga rikicin manoma da makiyaya a kai. Agogo tana nan kusa da mu, kun san abin da ya faru, har babbar kotun Kumasi ta yanke hukunci a Janairun 2012 cewa a fitar da shanu daga yankin, jami'an tsaro suka yi ta kora a abin da ake kira Operation Cow Leg. Manomin da aka cinye wa gonar ayaba yana da gaskiyarsa, rayuka sun salwanta ta kowane ɓangare, ba kuma yau za mu yi wannan shari'a ba. Abin da ya shafi laccarmu shi ne, wanda bai san inda zai kwana gobe ba ba ya shuka ciyawa, ba ya yin alkawarin kawo lita ashirin kowace safiya.

Na san akwai masu cewa gwamnati ta rufe ƙofa kawai, a hana shigo da gari. Ni ban goyi baya ba, aƙalla ba yanzu ba. Najeriya ta gwada wani abu mai kama da haka: babban bankinta ya taƙaita ba da dala don shigo da madara a 2020, ya bar wa kamfanoni ƙalilan, a 2024 kuma ya janye. In ka rufe ƙofa alhali babu nono a gida, yaron talaka ka hana, ka kuma dawo mana da kalabule. Kenya ta iya ɗora haraji mai nauyi ne don tana da tuddai masu sanyi da shanun Turai da ƙungiyoyin manoma tun da daɗewa. Wanda ya fi burge ni shi ne abin da Indiya ta yi daga 1970, ƙarƙashin Verghese Kurien. Garin madarar da Turai ta ba su kyauta suka sayar a birane, kuɗin suka gina wuraren tara madara a ƙauyuka irin na garin Anand, inda mace mai saniya ɗaya za ta kawo lita biyu a auna maiƙonta a biya ta. Yau babu ƙasar da ta kai Indiya yawan madara. Kusa da mu ma akwai misali. A Nijar akwai cibiyar tara nono a Hamdallaye da Kollo, masu kai wa masana'antun Yamai. A Senegal akwai Laiterie du Berger a Richard Toll, mai karɓar nono daga hannun Fulani. Su ma suna haɗawa da gari in rani ya yi, ba su ɓoye ba, amma kuɗi yana shiga ruga.

Abin da duk waɗannan suka gina shi ne tsakiya: mutumin da zai tsaya tsakanin mai tatsa da mai dafawa, ya karɓa da sassafe, ya gwada ko an yi algus da ruwa, ya sanyaya, ya biya a kan lokaci, ya ɗauki asarar ranar da mota ta lalace. To jama'a, wannan ba shi ne aikin maigida a cinikin shanu ba? Baƙo ya zo da garke bai san kowa ba, maigida ya sauke shi, ya ciyar da shi, ya nemo mahauci, ya tsaya masa lamuni har kuɗi su fito. Fiye da shekara ɗari muna yin wannan a garin nan. Muna jin Fulatanci ko muna da surukai masu ji, muna jin Tonanci, mun san hanyar Ejura da ta Techiman kamar tafin hannu. Abin da babu a da shi ne sanyi, yanzu kuwa akwai firji mai aiki da hasken rana, akwai aboboya, babur mai ƙafa uku, mai shiga inda babbar mota ba ta shiga, akwai kuɗin waya da za a tura wa mace a ruga ba tare da ta taka ƙafa ba. Jami'ar KNUST tana da gonar binciken shanu a Boadi, nan bayan gari, ɗalibanmu suna wucewa ta gefenta kullum.

Ga matasan da za su ce za su gwada, kada ku fara da sayen inji. Ku fara da mata goma masu fura da burkina a unguwa ɗaya, ku tambaye su lita nawa za su karɓa kullum, a kan nawa, da rani da damina, a kuma tsayar da farashi guda wanda ba zai faɗi warwas a watan Agusta ba, ba zai yi tashin gwauron zabo a watan Maris ba. Makiyayi ya fi son kuɗi tabbatacce a kan tsadar wata biyu. Ku tanadi dusa da harawa tun kaka, ku ba shi bashi a cire a kuɗin nono, don saniyar da ta ci da rani ita ce za ta ba ku abin sayarwa da azumi. Nonon kuma a dafa shi, ba sauran gardama, saboda tarin fuka da bakkale suna bi ta ɗanyen nono su kama mutum, kuma ranar da yaro ɗaya ya kwanta sunan sana'ar duka ya ɓaci. Sannan a rubuta a jikin gora, da Hausa da Tonanci da Turanci, cewa wannan nonon saniya ne daga wuri kaza, wancan kuma na gari ne, kowanne da kuɗinsa, mai saye ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Na ga mai gabatarwa yana duban agogo, kuma Hajiya a sahu na biyu tun ɗazu take girgiza kai a kan lissafin lita 200 ɗin nan, da alama ita buhunta ya fi haka bayarwa. Bismillah Hajiya, a miƙa mata abin magana.